Ragon da Na Kai Yamai

Kowace Sallah idan kun taru a tsakar gida sai wani cikinku ya tono labarin ragon nan, ku yi ta dariya har Innarku ta tsawata muku. Ina jin ku daga zaure, ba barci nake ba. Wannan ya ce ragon ya kwance ya shiga buro, wato ofis, ya cinye takardun mutane, wancan ya ce jandarma ne suka rako ni har tasha. Ƙaramar cikinku ma, wadda ba a ko haifa ba a lokacin, ita ta fi kowa sanin yadda aka yi. To tun da sauran numfashina, bari in faɗa muku da bakina. Na kai rago Yamai, wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ya kore ni, ragon bai ci takardar kowa ba, kuma abin kunyar da ke cikin labarin ba a Yamai na yi shi ba. A nan Malbaza na yi shi, cikin gidan nan.

Sa'adu shi ne na uku cikin 'ya'yana. Tun yana lakwal, makarantar boko, kansa na ja, har ya ci wata jarrabawa aka ɗauki nauyinsa zuwa ƙasar waje ya koyi tuƙin jirgin sama. Ni kuwa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shekara talatin da wani abu ina jan siminti daga garin nan zuwa duk inda Allah ya nufa, sai da gwiwa ta ƙi sannan na ajiye. Ku duba, ɗan direba ya zama direban sama. Ranar da ya dawo da takardarsa, bayan an gama kaka, ban iya zama wuri ɗaya ba. An yi tuwo an yi miya har maƙwabtan maƙwabta sun ci, 'yan uwanmu na Tsarnawa suka ciko mota guda suka zo. Ni ina ta zagaye cikin babbar riga ina gaya wa kowa, har wanda bai tambaye ni ba, cewa alhazan bana Sa'adu ne zai kai su. Ba ƙarya na yi niyya ba, haka na ɗauka. A sanina, malamin lakwal in ya gama karatu ana tura shi gari, jandarma in ya gama horo ana ba shi kaki da wurin aiki. To wanda ya gama koyon jirgi me za a ba shi in ba jirgi ba?

Sai da baƙi suka watse yaron ya same ni a zaure, ya durƙusa, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce takardar ta ba shi izinin tuƙi ne kawai, ba ta ba shi aiki ba. Ya nuna mini wani littafi da ake rubuta kowace awa da mutum ya yi a sama, ya ce nasa awa ɗari biyu ne da 'yan kai, manyan kamfanoni kuwa ba sa ko duban mutum sai ya ninka haka ya sake ninkawa. Ya ƙara da cewa takardar ma tana da wa'adi, in shekara ta zagayo bai tashi ba sai an sake gwada shi, kuma gwajin ba abu ne da ke hannunmu ba. Na ji shi da kunne ɗaya. Na ce masa wannan duk maganar takarda ce, ya rubuta musu, za su kira.

Ya rubuta. Ya rubuta wa na Yamai, ya rubuta wa na ƙasashen maƙwabta, har da waɗanda ban taɓa jin sunan garinsu ba. Wasu ba su amsa ba. Waɗanda suka amsa kuwa bakinsu ɗaya: ya samo awoyi ya dawo. A ina zai samo awoyi in ba a ba shi jirgin ba? Wannan tambayar na yi ta har na gaji da ita. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, ruwa ya sauka, Sa'adu yana gida. Shi ke zuwa gonarmu ta Tsarnawa, shi ke gyara wa matan unguwa waya in ta rikice, shi ke karanta wa Innarku takardar magani. Ba ya gunaguni, abin da ya fi damuna ke nan. Da ya yi faɗa da na sami abin riƙewa.

A majalisarmu ta tsofaffin direbobi, ƙarƙashin dogon yaron bakin tasha, nan na sha tawa. Na-Allah taubashina ne, yana da damar ya faɗa mini duk abin da ya ga dama, kuma bai taɓa barin damar ta wuce shi ba. Da na shimfiɗa buzuna zai fara.

"Ɗan-Tsarnawa, yaushe jirgin zai sabka tasha? A kama muna kujerar gaba, ka san ni da jiri."

Ina dariya tare da su, amma wallahi tawa dariyar iyakarta baki. Alhazai suka tafi suka dawo, Na-Allah ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayar ko sun ga ɗana a gaban jirgi.

Cikin tsakiyar damina, gero ya fara ciki, Sa'adu ya shigo wata ranar da hantsi da fara'ar da na manta yana da ita. Ya ce an kira shi. Na miƙe tsaye kafin ya ƙarasa. Ashe wani ƙaramin kamfani ne mai ɗan jirgi mai kujera biyu, wanda ake ɗauka ya yi feshin fara da tsuntsayen jan baki idan sun faɗa wa gonaki. Suna da tsohon matuƙi da ke neman matashi ya zauna tare da shi, ya koya, ya riƙa karɓar sa. Albashin ba abin faɗa ba ne, kwana a daji, amma kowace awa za ta shiga littafi, kuma su za su sabunta masa takarda. Yana magana yana ta murna. Ni kuwa ba abin da nake gani sai fuskar Na-Allah. Na ce masa korar tsuntsu aikin da muke yi ne da gwangwani da igiya tun muna ƙanana, ban ga dalilin da mutum zai ƙetare teku ya koyo ta ba.

"Ban yarda ba," na ce. "In ba babban jirgi ba, ka zauna."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce to, Baba. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta. Cikin mako guda na je wurin wani tsohon abokina da ke da faɗa a ji a kamfanin siminti, na roƙe shi, ya sama wa Sa'adu kujera a buro. Aiki mai kyau, na rantse, mutane da yawa suna nemansa ba su samu ba. Na gaya wa kaina na ɗan lokaci ne. Amma da yamma na shiga ɗakin Innarku na tarar da yaron ya kawo mata littafin awoyinsa, ta naɗe shi cikin tsohon zane tana sakawa a ƙasan akwati, inda take ajiye abin da ba za a sake nema ba. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

"Maigida, yaron ga ya bar cin tuwo. Kai ka sani, ni na sani. Ba jirgi za ka raba shi da shi ba, ransa za ka cire."

Na yi fushi na fita, don ta faɗi gaskiya. Amma maimakon in sauko, sai na ƙara hawa. Na ce a raina ai matsalar a fili take: yaro ya yi ta aika takarda, ba wanda ya je ya yi gaisuwa. A ƙasar nan tun da nake ban taɓa ganin an sami abu mai girma da takarda tsura ba. In kana neman fili wurin maigari, ko kana son a ɗauki ɗanka aiki, kai uba kake tashi da kanka, ka riƙe abin hannu, ka je ka durƙusa a san yaro yana da gida. Ni na yi sakaci. Na kwance farin ragon da nake kiwo, na sa aka ɗinke mini buhun albasar Galmi ta ajiya, na ce wa mutanen gida zan je duba wani ɗan uwa. Innarku ta dubi ragon, ta dube ni, ta ce Allah ya ba ɗan uwan lafiya.

Wani da muka yi aiki tare ya ɗauke ni a kamiyonsa, rago a ɗaure kan buhunan siminti. Muka wuce Konni, muka wuce Dogon Dutsi, muka wuce Dosso, ragon na kuka, ni ina ta shirya kalmomin da zan faɗa. Washegari da safe na isa buron wani kamfanin jirage kusa da filin jirgi, da babbar rigata, igiya a hannun dama, buhu a kafaɗa. Maigadin wurin mutumin kirki ne. Ya tambaye ni ko ina da alƙawari da wani, na ce ina da rago. Ya juya baya kafaɗunsa na motsi, ya juyo ya ba ni benci, ya nuna mini itacen da zan ɗaure dabbata. Na zauna har rana ta take. Masu kaki suna wucewa da jakunkunansu masu taya, kowa ya dubi ragon ya dube ni.

Can sai ga wani dattijo mai furfura, da farar riga mai zane-zane huɗu a kafaɗa. Maigadi ya raɗa masa wani abu. Na zaci zai wuce, sai ya nufo ni ya gaishe ni da Hausa irin tamu, har da tambayar ruwan bana. Ashe mutumin wajen Illela ne, Kwamanda suke ce masa, shi ne babba a kan matuƙan kamfanin. Bai kai ni buro ba, kan bencin ya zauna kusa da ni, ya sa aka kawo ruwa. Na zazzage masa komai: yadda yaron yake da ladabi, yadda ba ya shan ko taba, yadda ya zo na ɗaya a wurin horo. Na ce ga ɗan abin gaisuwa, a taimaka a ba shi jirgi. Har na ƙara da cewa an so a mai da shi mai korar tsuntsu na hana, don ya san ba yaron banza na kawo ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni sana'ata, na ce direba.

"Madalla. To Malam, ranar da ka samu permin tuƙi, ranar aka ba ka kamiyon siminti?"

Na girgiza kai. Ina, wa zai ba ka? Shekara shida na yi da wata tsohuwar bashe, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, ina bin kasuwannin ƙauye, Tajaye, Illela, Badagishiri, da awaki da mata da buhunan wake. A hanyoyin nan na koyi yadda ake fita daga yashi, yadda ake jin ƙarar inji a san abin da ke damunsa, yadda ake ƙetare kwari bayan ruwa. Lokacin da aka miƙa mini makullin kamiyo ba permi aka duba ba, shekarun nan shida aka duba. Kuma da wani uba ya zo mini da rago ya ce in ba ɗansa sabon permi motata cike da kaya, da na ce masa ya je ya sha ruwa ya huta. Duk wannan na faɗa wa Kwamanda da bakina. Ya ce shi ma ba da babban jirgi ya fara ba, shekaru ya yi yana kai wasiƙu da marasa lafiya garuruwan arewa cikin ɗan jirgin da iska ke wasa da shi.

"Ban yi maka alƙawarin komi ba," ya ce. "Amma wanda ya iya tashi daga filin ƙasa, ya bi saman itace bai taɓa ba, in ya cika awoyinai ya kawo mini littafin, zan karanta shi da kaina. Bashe ɗinsa ce ka hana shi, Malam."

Ragon ya ƙi karɓa sam. Ya ce in ya karɓa an kore shi aiki, ni kuma na yi asarar rago. Albasa ce dai ya ce ba zai iya ganin ta gida ya wuce ba, ya sa hannu ya zaɓi guda huɗu, sauran na bar wa maigadi. Ragon ya dawo tare da ni, ya ga Yamai ya ga kogi, sai da Layya ta sake zagayowa muka yanka shi. Wannan shi ne iyakar labarinsa, duk abin da aka ƙara muku ƙari ne.

Hanyar dawowa ta yi mini tsawo fiye da kowace tafiya da na taɓa yi. Kwana goma sha ɗaya ke nan da kiran masu feshi, ban sani ba ko sun ɗauki wani. Da muka shigo Malbaza ban biya gida ba. Na sauka a ƙofar kamfanin siminti, na sa aka kira mini Sa'adu. Ya fito da biro a aljihu, kwanansa uku da fara aiki, ya ga ubansa fari fat da ƙurar siminti da igiyar rago a hannu. Ya tsorata, ya zaci rasuwa aka yi. Ni ban saba ba ɗa haƙuri ba, ubana bai taɓa ba ni ba, ban san ta inda ake farawa ba.

"Ka kira masu feshin nan yanzu," na ce. "Ni na yi kuskure, ba kai ba. Ka yafe mini."

Ya ciro waya, ya danna lambarsu. Ina tsaye ina kallon bakinsa. Sun riga sun yi magana da wani matashin, in ji su, amma wancan ya ga wurin kwanan ya ce ba zai iya ba. In Sa'adu zai iso kafin Juma'a, ya zo. Yaron nan da ya yi wata da watanni ba a ji dariyarsa ba, ya durƙusa a bakin ƙofar kamfani yana dariya yana share ido da hannun riga, direbobin da ke layin lodi suna leƙowa ta taga.

Abin bai zo kyauta ba, kada ku ɗauka haka. Abokina da ya sa bakinsa aka ba da kujerar ya ji kunya a gaban manyansa, ya fi shekara ba ya amsa gaisuwata, kuma yana da gaskiya. Innarku da ta matsa mini, ita ce kuma ta daina barcin rana don tsoro, da ta ji jirgin ƙasa-ƙasa yake bi da magani mai guba a cikinsa. A majalisa kuwa ban jira an tambaye ni ba. Na shimfiɗa buzu na ce musu ɗana ya sami aiki, korar tsuntsu yake yi da jirgi, wanda zai yi dariya ya yi yanzu a gama. Sun yi kuwa. Na-Allah har da faɗuwa daga benci. Na bar su, don a karon farko cikin shekara guda dariyar ba ta taɓa ni ba.

Da dawa ta fara nuna sai jan baki ya sauko wa ƙasar Tajaye. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba: suna tasowa kamar hayaƙi, in suka sauka a gona sai kara kawai za ka tarar. Sa'adu ya kira ya ce an turo su can, za su yi feshi a wata fadama inda tsuntsayen ke kwana, kuma tsohon matuƙin ya ce gobe Sa'adu ne zai riƙe jirgin tun tashi har sauka. Ban gaya masa zan zo ba, kada in sa shi rawar hannu. Na sa tsohuwar rigar gona, na hau motar kasuwa, na ƙarasa da ƙafa. An riga an yi shela kowa ya janye dabbobinsa ya koma bayan iska, don haka mutanen ƙauyukan wurin duk sun taru kan wani tudu. Na shiga cikinsu, ba wanda ya san ni.

Rana ta yi ja, tsuntsaye suka gama shiga itatuwan fadama, sai muka ji ƙara daga gabas. Ga shi nan, ɗan abu rawaya, ya sunkuyo ƙasa-ƙasa. Ya bi saman itatuwan a miƙe yana barin farin hazo a bayansa, ya ɗaga a ƙarshen fadamar, ya kwanta gefe ɗaya ya juyo, ya sake bi daidai gefen inda ya tsaya. Ni direba ne, na san hannu in na gan shi. Ba gaggawa, ba tangarɗa. Mata suka ɗauki guɗa, maza suna ta Allah ya kiyaye. Ni ban san lokacin da hawaye suka fara ba, sai da na ji gishiri a baki.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa da ƙwaryar fura a gabanta, ta ce dawarta na can ƙasan tudun, ita ke nan abincinsu na shekara. Tana ta ɗaga hannu tana sa wa mai jirgin albarka, shi da iyayensa, tana cewa nasaran nan ya iya aikinsa. Na ce mata ba nasara ba ne, ɗan ƙasar nan ne, daga Malbaza. Sannan na ce ɗana ne.

Ta dube ni daga hula har silifa, ta dubi idona da ke zubar da ruwa, tausayi ya kama ta.

"Wayyo bawan Allah, rana ta buge ka. Zauna nan ka sha hura, ka ji dama."

Na zauna. Ta miƙo mini ludayi, na sha, na ƙara. Jirgin ya sake juyowa ta kanmu, tana ta yi wa uban mai tuƙin addu'a, ni kuwa ina gefenta ina cewa amin.